Sahabi Ya Je Duba Idon Gulbi

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Jega zamanin da muke cikin Jihar Sakkwato ya san Sahabi Gudiya. Gajere ne, baƙi, mai taurin kai na fitar hankali. Garkata na maƙwabtaka da tasa, don haka na sha fama da shi. Halinsa guda da ke ba ni haushi: ba ya iya wuce hanyar ruwa da ta toshe, ko ta waye. Sai ka tarar da shi durƙushe cikin fangalin albasarka yana kwashe yashi da yatsu, ka yi magana ya ce ruwan ne ya kira shi.

Shekarar da aka yi fari, gulbi bai hau fadama ba. Rijiyoyinmu suka ja baya har igiyar jigo ta daina kaiwa. Sai magana ta watsu a kasuwa cewa gulbin ya mutu tun daga tushe, idon da yake fitowa can gabas ya ƙafe. Babu wanda ya gani, kowa dai an gaya masa ne. Babban ɗan Sahabi, Uba, ya ɗauki zancen da zafi, har ya samo wani ɗan kasuwa daga Aliero da zai sayi garkar, su bar noma su shiga fatauci. Garkar kuwa tun ta kakan Sahabi ce.

"Baba, mi za mu tsaya jira?" in ji Uba. "Kowa ya san gulbin ga ya mutu."

"Wa yag ga gawatai?" Sahabi ya tambaye shi. "Ni za ni tahi in duba. In nit tarad da idon ya ƙahe, ka saida. In yana da rai, kak ka ƙara yi min zancen ga."

Na yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Mutumin da bai taɓa wuce Maiyama ba, shi ne zai je neman inda gulbi ya faro. Amma da na ga ya ɗaure buta da tabarma ya hau bayan motar albasa, sai raina ya yi nauyi, don in ya dawo da mugun labari ni ma tawa garkar ta tafi.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Ya bi ta Gummi, ya bi ta Anka, inda mota ta ƙare ya kama ƙasa da ƙafa, yana tambaya ƙauye bayan ƙauye. Gulbin ya yi ta ramewa a gefensa har ya koma ƙorama, ƙoramar ma ta rarrabu. A ƙarshe wata dattijuwar Bafulatana mai suna Zaituna, wadda ke kiwon awakinta a wurin, ta kai shi gindin wani dutse ta nuna masa da baki.

Ya ce da ya duba bai ga ruwa ba. Laka ce kawai da ruɓaɓɓen ganye da sawun dabbobi, ga ɗan danshi a tsakiya. Da wani ne da ya juya ya ce an yi gaskiya. Shi kuwa hannunsa ne ya riga tunaninsa: ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya shiga kwashe ganye da yashi kamar yadda yake yi mana a fangali. Zaituna ta ce, "Malam, lafiya kake?" Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Yana cikin tono sai ya ji sanyi na tunkuɗo yatsunsa daga ƙasa. Ruwa ya taru, ya washe, ya nemi gangare ya kama tafiya. Sahabi ya yi alwala, ya sha, ya gyara masa hanya da hannu har inda ya ga ya miƙe da kansa.

Ranar da ya dawo muna bakin garka, ni da Uba da mai sayen, wanda ya gaji da jira. Sahabi ya sauko duk ƙura, ya rame, amma tafiyarsa ta mai nasara ce.

"Baba, ka gani?" Uba ya tambaya.

"Na gani. Yana da rai."

"Yawanshi hwa?"

"Na ƙetare shi da ƙahwa guda."

Uba ya dubi busasshen gulbi, ya dubi ubansa. "To Baba, ina ruwan ya ke?"

Sahabi ya sallami mai sayen da ladabi, ya sa a ɗauko fartanya da irin albasa, sannan ya juya wajen ɗansa.

"Na baro shi bisa hanya, yana tahe. Mota ta kawai tas sa nir riga shi isowa."