Kaset ɗin Gonar Gwaggo

Shekarun farko bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, ina da ɗan shago a bakin titin Wudil, ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Gwaggona, yayar mahaifina, tana da gonar gado a Utai, da ita take ci. Maƙwabcinta kuwa kowace damina sai ya ɗan matso da iyaka, har magana ta kai kotu.

Mutum ɗaya ya rage da ya san iyakar asali, wani tsoho da ba ya iya zuwa gari. Lauyan Gwaggo ya ce in je in ɗauko shaidarsa a kaset, amma lallai lambobin lokaci su fito a jikin hoton suna tafiya ba yankewa, don kada a ce an cire wani abu.

Muka kai shi gona a amalanke. Yana dogara sanda, yana nuna inda iyaka ta bi. Da muka zo gindin wani gawo sai ya tsaya.

"Yaro, nuna mini in ga kaina a cikin abin nan."

Wa zai ce wa sa'an kakansa a'a? Na mayar da kaset baya, ya leƙa, ya yi dariya har da tari. "Ashe haka na lalace!" Na tura gaba, muka ci gaba da aiki. Bai cika sati biyu ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da na zauna fitar da aikin daga kwamfuta zuwa faifai, lambobin suka yi ta tafiya lafiya lau. Ana zuwa gawon nan sai suka koma sifili, suka fara daga farko. Na sake ɗora kaset ɗin, na sake fitarwa. Sifili. Na canja wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta, na goge kan kyamara, na sauke manhajar da nake aikin da ita na sake sa ta. Kwana uku janareto na ruri a bayan shago, ni kuma ina zagin na'urar da ba ta ji. Har roƙonta na yi, wallahi. Gwaggo takan biyo da rana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, ya fito?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

Ƙarya nake, kuma tsoro ne ya cika ni.

Na ɗauki kaset na tafi Kano wurin wani da ya fi ni sanin aikin. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Lokacin da na tura gaba bayan tsoho ya kalli kansa, na ɗan zarce, na bar fili a kaset ba komai a kai, kyamara kuwa in ta tarar da fili sai ta ɗauka sabon kaset ne ta soma ƙirga daga farko. Ya ce ba gyara. Amma ya nuna mini yadda manhajar za ta shimfiɗa sababbin lambobi a kai, sumul, ba wanda zai gane.

Na yi hakan. Na dawo da faifai biyu a aljihu, mai gyara da marar gyara. Duk hanya ina gaya wa kaina ai maganar tsohon gaskiya ce, lambobin kawai na shafa wa mai.

Ranar zaman kotu sai lauyan Gwaggo ya ce za a sa ni in yi alwala in dafa Alƙur'ani in rantse cewa ban taɓa komai ba. Na fita bayan kotu na tsuguna zan yi alwala. Na so in iya rantsewa a kan mai gyaran. Har yau ina jin kunyar yadda na so in iya. Na miƙa faifan da ke komawa sifili, na yi bayani iya iyawata. Lauyan ɗaya ɓangaren ya tambaye ni minti nawa kyamara ta yi a kashe, da abin da aka gaya wa tsohon a lokacin. Aka ajiye shaidar gefe, maƙwabcin ya yi nasara.

Da yamma na goya Gwaggo a babur zuwa Utai. Da muka kusa gonar sai ta taɓa kafaɗata.

"Ɗan nan, bi ta bayan gari, kada in ga gonar."