Garkar Yayata da Rubutun Ɗiyata

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni aure Sabon Garin Maraɗi, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, ƙafata ba ta wuce bakin zaure. Labari shi ke biyo ni har gindin murhu, don Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni bakin da ba ya barin baƙo ya tashi da wuri. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban daɗe ba aka fisshe ni, abin da na tsira da shi bai wuce in gane sunana a katin asibiti ba. Shi ya sa da ɗiyata ta fari ta samu aikin rubutu a wata ƙungiya mai taimakon mata manoma, na yi ta murna alhali ban san abin da ake rubutawa ba.

Ita ta yi mini bayani. Ta ce shafi gare su a intanet, kamar allon talla ne da duniya duka ke leƙawa, ita ce mai zuba masa magana, ita ce kuma mai aika imel ga mutanen ƙasashen waje masu ba da taimako. A tsakar gida take yawan aikinta, kwamfuta bisa cinya, ni ina tsintar shinkafa, don haka dokokin sana'ar sun zauna mini a kai kamar karatun allo. Mutane ba su karatu, leƙe suke yi. Abin da kake so, ka sa shi a layin farko. Magana gajera, ban da kewaye-kewaye. Kada ka ce "mata", ka kawo mace guda da fuskarta. Gaisuwa ma wai ɓata lokaci ce. Na ce mata wannan ai kamar mutum ya faɗo ɗaki ba sallama ne. Ta yi dariya ta ce masu sallamar ba a amsa musu. Kuma gaskiyarta, ana amsa mata. Yarinyar ta iya.

To, ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Jiratawa har mijinta ya rasu ya bar ta da yara da garka. Garkar zogala ce, da ɗan gefen albasa da tattasai, ga injin ban ruwa. A kwaferatib, wato ƙungiyar masu garka, sunan marigayin ne a kanta. Danginsa mutanen Tibiri ne, sun bar mata ita don tana riƙon marayu, kuma ba wanda zai buɗe baki ya ce ta gaza. Ƙanin mijin ne kawai idonsa ke wurin. Kun san wasan ƙanin miji da matar wa. In ya zo sai ya ce, matata, yaushe za ki huta ki bar wa maza aikin maza? Ta ce ranar da ta ga namijin. A yi dariya a watse. Amma ni na san dariyar da ke da ƙashi a ciki.

Yaya tana da hali guda, kuma ba nata ba ne ita kaɗai, na uwarmu ne, na rabin matan Jiratawa ne. Ba ta taɓa cewa tana da shi. Tsoron kambun baka take, tsoron ido. Za ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidana da buhun busasshiyar zogala da albasa har mai babur yana ƙorafin nauyi, ta shigo ta ce ga ɗan abin da tsutsa ta rage mana. Ka tambaye ta ya garka, sai ta langaɓe kai ta ce bana kam sai addu'a. Kowa a garin ya san fassarar. Shekarar da kukanta ya fi yawa, ita ce shekarar da rumbu ya cika. Uwarmu ta ce mana arziki kamar miya ne, a rufe yake kwana.

Wata rana aka ce wa ɗiyata ta kawo labarin mace guda mai garka, don ana neman a samo wa mata famfo mai aiki da hasken rana. Wa za ta nema in ba tantinta, yayar tawa, ba? Ta hau kabu-kabu ta tafi Jiratawa, ta dawo da hotuna da muryar Yaya cikin salula, wayar hannunta. Ni ban je ba, amma kamar na je, don ta yi ta kunna muryar a tsakar gida tana maimaitawa har kajina suka haddace.

Na ji Yaya tana tarbar ta, tana cewa bari ta shiga ta ɗaura atamfarta ta sa 'yan kunne tun da hoto za a yi. Na ji ɗiyata ta ce a'a Tanti, haka ma ya fi, zauna nan kusa da kwandon. Da zanen aiki aka ɗauke ta, wanda ruwan ganye ya rine. Sai tambaya, ya rayuwa tun rasuwar mai gida? Yaya ta ga baƙin ƙarfe a gabanta, an ce kuma duniya za ta ji, wato ido dubu. Sai ta ninka kukan da ta saba. Ta ce ba ta da kowa sai Allah. Ta ce wani lokaci gari kan waye ba ta san abin da yara za su ci ba. Ta ce garkar ta fi ƙarfinta, mace ce ita, ƙashinta ya gaji. A bayan muryarta ina jin injin yana tatata, ina jin saniya, ina jin matan da take ɗauka aikin tsigar ganye suna hira. Da ta gama sai ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci, ta ce alhamdu lillahi dai, asiri a rufe, tashi ki ci dambu.

Da ɗiyata ta gama rubutun ta juya mini shi daga faransanci zuwa Hausa. Layi kaɗan ne. Mijinta ya rasu. Ba ta da kowa sai Allah. Gari kan waye ba ta san abin da yara za su ci ba. Garkar ta fi ƙarfinta. Daga ƙasa kuma wurin da mai son taimako zai latsa.

Na ce ina dariyar, ina asiri a rufe, ina dambun?

Ta ce, "Mama, waɗannan suna rage wa labarin ƙarfi."

Na ce ai kin san tantinki, kin san ba yunwa take ba.

Ba ta ɗago daga kwamfutar ba. "Na sani mana. Amma akwai kalma guda da na ƙara mata? Ita ta faɗa."

Ba rashin sani ba ne, wannan nake so a gane. A garkar nan ta yi hutun lakwal, da zogalar nan aka saya mata littattafai wata shekara da babanta ya shiga matsi. Ta san fassarar kukan kamar yadda na sani. Ta dai ga kukan ya fi kyau a shafi.

Rubutun ya yi aiki. A biro, wurin aikinsu, aka yaba mata, har aka ce ta koya wa sauran yadda ake yi. Ta dawo gida da tsire ta ce mu ci. Na ci, ba zan ɓoye ba, da yaji ma.

Abin da ba ta lissafa ba, ko ta lissafa ba ta damu ba, shi ne shafin da Bature ke gani shi ne mutumin Maraɗi ke gani. Hoton ya bi waya zuwa waya. Matan unguwarmu suka fara shigowa yi mini jaje, suna cewa ashe haka yayarki ke ciki, ke kuma kina nan kina suya. Wata har ta kawo tsofaffin kayan yara ta ce a kai Jiratawa, tana kallon fuskata ta ga yadda zan yi. Su ma duk sun san gaskiya, sun sha cin albasarta. Daɗin abin suke ji. Daga nan ya isa Tibiri.

Aka aiko wa Yaya ta je gidan dangin miji. Ta biyo ta nan ta ce in raka ta. Ranar na fita. Ta ci ado, atamfar nan da aka hana ta sawa, da 'yan kunnen. A hanya sai ce wa mai babur take ya rage gudu.

Mun tarar da su a rumfa, maza bisa tabarmi, mata daga bakin ƙofa. Ƙanin mijin ya tarbe ta da fara'a. Ya ce, "Matata, kin ga kwalliya. Aron wa kika yi? Mu da muka ji ba ki da kowa."

Gidan nasu gauraye ne, akwai masu zuwa masallaci akwai masu zuwa majami'a. Wani ɗan baffansu Kirista, malamin lakwal, shi aka miƙa wa salular ya juya faransancin. Mutumin kirki ne, na ga yana neman inda zai sassauta. Ya fara da cewa abin da ake nufi a nan shi ne, sai ƙanin mijin ya tare shi ya ce ba ma'ana aka tambaye shi ba, ya karanta yadda yake. Malamin ya duba, ya sake dubawa, ya ce gaskiya rubutun ba shi da lungu. Da a ce doguwar magana ce irin tamu, mai gaisuwa da godiya da in Allah ya so, da an samu inda za a ɓuya. Wannan kuwa tsirara take. Ya karanta. Ba ta da kowa sai Allah. Tsofaffin suka yi salati ƙasa-ƙasa. Wata goggo ta ce to mu duwatsu ne ke nan.

Ƙanin mijin bai ɗaga murya ba, har lokacin murmushi yake. Ya ce maganar biyu ce. In gaskiya ne, garka ta fi ƙarfinta, 'ya'yan wansa na kwana da yunwa, to ba za su zauna duniya na zagin gidansu ba, ta sakar masa garkar ya noma ya ciyar da su. In kuma ƙarya ne, ta faɗa a nan gaban kowa abin da ke cikin rumbunta da abin da ke ɗaure a turkenta, sa'an nan gobe su tafi biron yarinyar su shaida cewa ƙarya ake sayar wa mutane da sunan zuriyarsu.

Na matsa ƙafarta. Na ce a kunnenta, Yaya, faɗi, ki ce kina da shi. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Na bi idonta. Ido ne ko'ina, na maza, na mata, har na masu leƙe ta katanga, kowa ya buɗe kunne ya ji yawan buhunan. Matar da tun tana budurwa ba ta taɓa cewa kazarta ta yi ƙwai ba. Ga kuma aikin ɗiyar ƙanwarta a ɗaya hannun. Na ga leɓenta na motsi, na ɗauka lissafin za ta fara.

Ta ce, "Haka ne. Yadda aka rubuta."

Ƙanin mijin ya tafa hannu a hankali ya ce madalla, gaskiya ba ta da wuya. Aka shafa fatiha. Aka kawo mana fura, ya ce a ƙara wa matarsa, ta sha ta ƙoshi yau dai.

Kafin a sake yankan ganye sunansa ya hau garkar a kwaferatib. Da famfon ya iso, wanda rubutun ɗiyata ya jawo, ai ba a ƙofar ɗakin mace ake kafa shi ba, a garka ake kafawa. A tasa aka kafa. Hatsin da ya yi alkawari ya zo da farko, daga baya ya riƙa zuwa da ƙorafi, daga baya sai ƙorafin kaɗai. Saniyar ta tafi, akuyoyinta suka bi ta. Yanzu Yaya tana cikin matan da ke zama gindin inuwa suna tsigar ganye ana sallamar su da yamma, a garkar da ta san kowane kwarin ruwanta. An ce in ya zo wucewa yakan ce, matata, a riƙa tsiga da kyau, mai garka ba ya son asara. Matan da ta saba ɗauka aiki su yi dariya, don shi ke sallamar su yanzu.

Na roƙi ɗiyata ta sauke hoton. Ta ce ba a hannunta yake ba, kuma shi ne labarin da aka fi buɗewa a shafin nasu. Na ce to ki ƙara layi guda, ki faɗi abin da ya biyo baya. Ta ce labari guda, saƙo guda, in an cakuɗa mai karatu ya rikice. Ta ci gaba da danne-danne, sai ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba ni haƙuri:

"Mama, ai yanzu ba ƙarya a ciki."

Ɗiyata ce. Ni na goya ta, har yau ni ke ajiye mata ƙanzo don tana so. Ban san inda zan ajiye wannan maganar ba, shi ya sa take nan a ƙirjina.

Yaya ba ta daina zuwa ba, sai dai yanzu mai babur ba ya ƙorafi. Atamfar nan take ɗaurowa kullum, ta fara kodewa a gindin ɗauri. 'Yan kunnen ban tambaya ba. In na ce Yaya ya gida, ya yara, sai ta miƙe wuya ta ce lafiya lau, komai akwai, sun gode Allah, abinci har zubarwa suke. Ranar da na fara jin haka daga bakinta na shiga madafa na daɗe ina hura wutar da ke ci.

In za ta tafi nakan ƙulla mata gero da ɗan mai. Ba ta karɓa sai na ce ƙwari ne suka shiga buhun, ta taimake ni ta rage kafin ya lalace. Sai ta buɗe ƙullin ta duba, ta ce ni dai ban iya ajiya ba tun ina yarinya, ta sa a ƙarƙashin mayafi. In ɗiyata na tsakar gida da kwamfutarta, Yaya takan tsaya ta ce mata sannu da aiki, ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Ita kuma ta ce amin Tanti, a gaida yara.