Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In zai aike ni, sai ya dubi turken shanu ya ce, "A ce wa wancan ya kai su rafi." Ni ma ban taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba. Haka ake yi a ƙauyenmu da ke kusa da Kwandiko, cikin ƙasar Gwaram, kuma babu mai ganin hakan ƙiyayya ce. Kunya ce, da ita muka buɗi ido.

Na yi firamare har aji bakwai, na samu aikin masinja a ofishin gona a Birnin Kudu. Lokacin naira tana sabuwa, gari ya cika da babura da rediyo, ni ma na sayi agogon hannu. Ina jin Turanci gwargwado, amma a raina ina ganin kamar na haddace shi.

Ciwon Baba da fitsari ya fara. Sai ya daɗe a tsugunne, abin da zai fito bai cika murfin buta ba. Daga baya ƙugu ya ɗauka, sannan gadon baya, har ya koma sallah a zaune. Da kaka ta yi, na je na ɗauko shi a motar kasuwa zuwa asibiti. Aka sa masa roba fitsari ya sauka, aka duba shi, aka ɗauki hoton ƙashinsa.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa. Akwai wani malamin asibiti, dattijo, da ke yi masa tafinta. Ni ne na ce masa ya je ya ci gaba da aikinsa, ai ɗan mara lafiyan yana jin Turanci. Ina so Baba ya ga amfanin bokon da ya bari na yi.

Likita ya yi bayani a hankali, har da zane a takarda. Ya ce akwai wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsara wanda maza kaɗai ke da shi, ciwon daji ya kama na Baba, ya kuma bazu cikin ƙashi. Warkewa babu, amma ana iya kwantar da shi, domin abincin ciwon wani sinadari ne da maraina ke zubawa cikin jini. Hanya biyu ce. Ko a yi ƙaramin aiki a cire marainan, ko kuma ya riƙa shan wasu ƙwayoyi kullum masu ɗauke da sinadarin jikin mata. Ƙwayoyin suna kumbura nono, wani lokaci da ƙafa, kuma sukan taɓa zuciya. Ya ce in tambayi Baba wanne ya zaɓa.

Na juya. Baba yana zaune a bakin gado, hularsa a gwiwa, yana kallon bango. Mutumin da ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, yau shi zan yi wa zancen maraina da nono? 

Na ce, "Likita ya ce za a ba da ƙwayoyi."

Baba ya ce wa bangon, "Duk dogon zancen nan, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Na koma wa likita na ce Baba ya zaɓi ƙwayoyi.

Ƙwayoyin sun yi aiki. Kafin wata ya cika Baba ya miƙe, aka cire roba, ya koma takawa zuwa masallaci. Na ce a raina Allah Ya rufa mini asiri. Amma bayan wasu watanni, da na je gida, Inna ta aiko ƙanwata da saƙo, don ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Wai ƙirjin Baba ya tasa kamar na budurwa, yana kuma yi masa tsami. Ya daina tuɓe riga a gona, ya daina zuwa aski. Yana zaton sabon ciwo ne, wasu kuma sun fara raɗa cewa jifa aka yi masa.

Na san dalili. Kalma goma ta isa ta kwantar masa da hankali. Maimakon haka na ce a faɗa masa wataƙila maganin Bature ne bai karɓe shi ba, ya ɗan ajiye a gwada na gida. Wannan shi ne laifin da ya fi yi mini nauyi. Na farko kunya ce ta kama ni ba shiri, na biyu kuwa ina sane na yi, don kada ƙaryar farko ta fito.

Wata biyu ya yi ba ya sha. An jiƙa saiwoyi, an dafa sassaƙe, an yi turare. Ciwon ya dawo fiye da da. Ƙafarsa ta hagu ta fara ja.

Akwai wanzamin garinmu, ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma shi kaɗai ne a duniya ke iya faɗa wa Baba duk abin da ya zo bakinsa. Muna ce masa Baba Wanzam. Shi aka kira ya yi wa Baba ƙaho a baya. Ya zo da zabirarsa, ya tattaɓa bayan, sai ya mayar da ƙahonsa ya fito. Ya same ni a zaure.

Ya ce, "Kai, ɗan boko. Ciwon nan a ƙashi yake, ba mataccen jini ba ne. Ba zan tsaga shi a banza ba. Me likita ya ce?"

Na ce, "Ya ce a sha ƙwayoyi."

"Na yi wa ubanka aski shekara hamsin, ni na yi maka kaciya. Ni za ka yi wa ƙarya? Dube ni."

Ban dube shi ba. Ƙasa na kalla, na zayyana masa komai. Ya ce, "Amma kai sakarai ne. Da ka zo wurina tun ranar. Ina amfanin taubashi in ba irin wannan rana ba? Taso."

Ya sa ni na tsaya a bakin ƙofa, shi ya shiga.

Ya ce, "Kai tsoho, tashi ka ji. Ba jifa ba ne, wa zai ɓata layarsa a kanka? Maganin ne na mata, shi ya fito maka da nono. Da ka jure, da bana mun kai ka ɗakin miji."

Baba ya ce, "Allah Ya shirye ka. Kai da ko akuya ba ta kallonka."

Baba Wanzam ya sauke murya ya faɗa masa sauran: sunan ciwon, da cewa ba ya warkewa, da hanyoyin nan biyu. 

Can Baba ya ce, "Wato fiɗiya."

"Fiɗiya. Bunsuru nawa ka yi wa da hannunka? Yau layi ya zo kanka."

Sai na ji Baba yana dariya, dariyar tana taɓa masa ciwo yana cewa wash. Ya ce, "Kuma duk wanda na yi wa, sai ya natsu ya yi ƙiba. Ina da 'ya'ya, ina da jikoki. Me zan yi da su kuma? Da an tambaye ni tun farko, da wannan na ɗauka."

Maganar nan ta ƙarshe ta shige ni kamar ƙaya.

Baba ya aika aka tambayi liman, liman ya ce lalura ce, babu laifi. Muka koma asibiti mu uku. Na nemi dattijon nan da na sallama, na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya yi tafinta. Bai ce mini komai ba sai, "Allah Ya ba shi lafiya." Ni na fita na tsaya a baranda. Baba Wanzam ne ya zauna a ciki, kuma ya yi wa likita tambayoyi kamar alƙali. Rubutun sha fa? Likita ya ce a sha. Zuma, da kunun gyaɗa, da romon ƙashi? Ya ce duk abin da zai sa ya ci abinci a ba shi. Gashi da ruwan ɗumi, da shafa man shanu? Ya ce a yi, amma a hankali, ban da matsa, don ƙashin ya yi rauni. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba ne ya ce a bari saboda ƙoda. Ya ƙara da ƙwayar rage zafi.

Aka yi aikin. Kwana kaɗan Baba ya ce wutar da ke bayansa ta lafa. Ƙafar ce ba ta dawo ba. Da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, kuma duk sanda na ji ƙarar sandar nan a tsakar gida, na san watanni biyun nan ne nake ji.

Amma Allah Ya ba mu damina biyu. Kowace safiya Baba Wanzam zai zo da tsumma da ruwan ɗumi, yana gasa masa baya suna zage-zagensu na wasa. Zufa takan karyo wa Baba haka kawai, ya ce ai ya zama mai jego, a kawo masa kunun kanwa. Ya ga auren autarmu. Ya sa an kai shi gona a kan jaki ya ga dawa ta yi kai. Ya raba wa ƙannena filaye da bakinsa, ya nemi gafarar waɗanda yake son nema, domin yanzu ya san abin da ke gabansa. Ni na so in hana shi wannan sanin.

Ban iya neman gafararsa da bakina ba. Baba Wanzam na aika. Ranar wata Juma'a da hantsi, ina tsugunne a bakin ƙofa, Baba ya ce wa taubashinsa, da ƙarfi yadda zan ji, "Ka ce wa wancan na yafe. Ni na koya masa sunkuyar da kai. Kuma ka ce masa ya shigo ya karɓe ka, hannunka ya tsufa, gashin naka ba ya ratsa ni."

Baba Wanzam ya miƙo mini tsumman. Na shiga, na durƙusa a kan tabarmarsa, na matse ruwan, na ɗora a bayansa. Bai juyo ba. Daga ranar, duk zuwan da na yi gida ni nake yi masa gashi, har Allah Ya karɓi abinsa bayan girbi.

Su biyun da dattijon asibitin duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba na sallame sallah ban sa su a addu'a ba.