Yadda Dorcas Ta Sauya wa Lauya Hannu

Duk wanda ya taɓa sayen mujallar kwabo ɗaya a London a zamaninmu ya ga aikin matata Dorcas, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ni sunana Obed Tillett, mai keken doki ne, shekara talatin ina jigilar fasinja tsakanin tashar jirgi da titin Fleet, kuma karatuna bai wuce in gane sunan layi ba. Amma abin da na sani na sani, kuma sai na faɗe shi ko da wani zai ji haushi.

Sana'arta sassaƙa hoto a katako. Mai zane zai zana hoton a kan wani guntun katako mai santsi, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, ita kuma ta bi da ƙarfenta mai tsini tana cire duk inda ake so ya fito fari. Abin da ya rage a tsaye shi ke shan tawada, shi ke fitowa a takarda. Mahaifinta ne ya koya mata a unguwar Clerkenwell tun tana 'yar shekara goma sha huɗu, don bai sami ɗa namiji ba, ya kuma rasu yana ƙorafin wai ta fi shi. Daga nan ta shiga shagon Mista Stallard, maza goma sha ɗaya ita ce ta sha biyu, ta zauna a kujerar bakin taga shekara ashirin da biyu. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ta yi kuka da haka ba. Kujerar nan ce duniyarta, da ita take tinƙaho.

Fatalwa ce gwanintarta. Mujallar Kirsimeti ba ta fita sai da labarin fatalwa, hotunan kuwa tun watan Agusta ake sassaƙa su. Sai ka same ta tana zufa, tana fito da wata farar mace tsaye a kan matakala cikin tsananin sanyi. Mazan shagon sukan yi wa fatalwa ido da hanci da baki kamar 'yar tsana. Ita layi uku ko huɗu za ta ja a cikin baƙi, ta bar wa mai kallo sauran. Da idona na ga wani ƙaton mahauci ya kife mujalla a kan teburi saboda hotonta, ya ce don Allah a bar shi ya ci abincinsa lafiya.

Abu ɗaya ya raba ta da abokan aikinta: ita tana karanta labaran. Su a wurinsu katako katako ne, a ba su fuska su sassaƙa, a ba su labule su sassaƙa, ba ruwansu da wanda ya kashe wani. Ita kuwa kowace Lahadi, mun dawo daga coci mun ci naman tunkiyarmu, sai ta ɗauko mujalla ta karanta mini labarin masu binciken laifi. A tsakiya ta dakata ta dube ni ta saman tabarau.

"To, gwani, wa ya yi kisan?"

"Kukun ne."

"Kai kullum kuku! Me kuku ya tare maka?"

"Mutumin da ke riƙe da wuƙa tun safe, ai ba a rasa shi da wani abu."

"Obed, da kai ne ɗan sanda, da London ta kwana da yunwa."

Ban taɓa canka daidai ba. Ita kuwa in ta kuskure sau ɗaya cikin goma, sai ta ce marubucin ne ya yi maguɗi.

A shekarar da abin ya faru, wata mujalla da shagonsu ke yi wa aiki ta fara wani labari mai kashi shida. An kashe wani tsohon attajiri a ɗakin karatunsa, likita kuma ya faɗa tun a kashi na farko cewa wanda ya yi saran bahago ne. Shi ke nan, garin ya ɗauka. A rumfar da muke shan shayi mu masu keken doki, ba a wata hira sai ta neman bahago. Wani abokina Jabez har ya fara yi wa fasinjojinsa kallon hannun da suke miƙo kuɗi da shi.

Mujallar ta ɗauko wani babban mai zane, Mista Renwick, don ya ƙara mata armashi. Mutumin gwani ne, ba na hana shi wannan, amma gwanin manyan hotunan fenti ne da ake ratayewa a gidajen masu hali, bai saba da katako ba. Ranar wata Juma'a aka kawo katakon kashi na huɗu, hoton lauyan mamacin zaune yana sa hannu a takarda. An haɗo da 'yar takarda daga marubucin labarin: alƙalamin ya kasance a hannun hagu na lauya, kada a manta. Mista Renwick bai manta ba, ya sa alƙalami a hagu. Abin da ya manta shi ne abin da ko sabon shiga ya sani, cewa katako juyawa yake yi in ya hau takarda, kamar fuska a madubi. Hagu a katako, dama ne a mujalla.

Dorcas na gani ta gane dalilin 'yar takardar. Lauyan ne mai kisan, kuma a cikin hoton aka ɓoye shaidar. Ta ɗauki katakon ta je wurin Mista Stallard.

"Yallaɓai, hannun nan zai fito a dama."

"Misis Tillett, kina tsammani ban gani ba? Tun kafin ki cire hularki na gani."

"To a aika wa Mista Renwick ya gyara."

"Yana Italiya yana shan iska. Katako kuma Litinin da tsakar rana za a zo karɓa."

"A bar ni in gyara, yallaɓai. Labarin gaba ɗaya a kan hannun nan ya rataya."

"Labari? Mu ina ruwanmu da labari? Kuskuren Mista Renwick na Mista Renwick ne. Kin san dokar shagon nan tun kafin wasu a cikinmu su yi gemu. Wanda ya taɓa layin mai zane, ya ɗauki hularsa ya kama gabansa. Ko ke ce."

Dokar ba ƙirƙirar Stallard ba ce, ta kowane shago ce. Mai sassaƙa ba ya ƙara ko gashi ɗaya, ba ya ragewa. Da wannan amanar masu zane ke sakin jiki su ba da aikinsu, shagon da aka ji yana taɓa layi kuwa ya mutu. Na san da haka. Duk da haka har gobe in na tuna Stallard sai raina ya ɓaci.

Ranar Asabar da aka tashi aiki da rana, sai ga ta ta shigo gida da katakon a naɗe cikin gyalenta. Ina ganin yadda ta ajiye shi a kan teburi na gane abin da take shirin yi.

"Ke, Dorcas, kujerar fa?"

"Na sani."

"Shekara ashirin da biyu! Lauyan nan ƙaninki ne?"

"Mutum dubu nawa za su sa ido a hoton nan suna neman gaskiya, Obed? Irin su Jabez, da 'yan matan gidan wanki, da kai ɗin nan. Sai in ba su ƙarya da hannuna, ina sane?"

"Ai ba mutum ba ne, labari ne! Babu wanda aka kashe!"

"Wanda ya rubuta mutum ne. Masu karantawa ma mutane ne."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ta tuna shekarunmu, na ce ba wani shago da zai ɗauki mace mai furfura. Ta saurare ni tsaf har na gaji, sannan ta ce in matsar mata da teburi bakin taga.

Lahadin nan ba ta je coci ba, karo na farko tun aurenmu ba tare da ciwo ba. Ta huda katakon a wuri biyu ta cire hannuwan lauya duka, ta yanko sabbin guntaye ta cusa a gurbin, ta goge har sai da farce ya kasa jin mahaɗar. Sannan ta ɗauki fensir, ita da ba a taɓa bari ta zana komai ba, ta zana hannuwa biyu, ta mayar da alƙalamin ɗaya ɓangaren. Ni ina bayanta a kujera na cika na yi fam, riƙe da jaridar da ban iya karantawa ba. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Kafin rana ta faɗi ta gama sassaƙawa, ta hure ƙurar, ta ce in zo da kekena ƙofar shagon gobe da ƙarfe goma.

Ba ta jira a kama ta ba. Da safe ta ajiye katakon a gaban Stallard ta gaya masa abin da ta yi. Mazan shagon suka ce ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu ya duba ya sake dubawa, yana neman mahaɗa, bai samu ba. Ya sa aka buga gwaji ɗaya, ya tsura wa takardar ido.

"Ban taɓa ganin gyara irin wannan ba," in ji shi. "Ki tattara ƙarafanki, Misis Tillett."

Katakon kuwa haka ya aika da shi, don ba lokacin yin wani.

Ƙarfe goma daidai ta fito, wani dattijon abokin aikinta na riƙe mata da akwatin kayan aiki, sauran sun tsaya cirko-cirko a taga. Na sauko na buɗe mata ƙofa kamar matar wani babban mutum, na kai ta gida ta hanya mafi nisa. Sai da muka wuce kasuwar nama na ji tana kuka a ciki. Na yi kamar ban ji ba, na huce haushina a kan wani mai amalanke da bai yi mini laifin komai ba.

Mako biyu bayan haka kashi na ƙarshe ya fito. Mai bincike ya kama lauya, a ƙasan shafin kuma mujallar ta ce masu karatu su koma su dubi hoton kashi na huɗu. Garin ya ruɗe. Kowa na kuri wai shi tun farko ya lura. Jaridu suka yi ta yaba wa Mista Renwick, wai ga mai zanen da ke sa basira har a cikin yatsa, shi kuma ya karɓi yabon kamar aikinsa ne. Stallard bai aiko ba. Sauran shaguna sun ji cewa ta taɓa layi, suka rufe mata ƙofa cikin ladabi. Shekara tara da suka rage mata a duniya ta yi su a bakin tagarmu, tana sassaƙa wa 'yan kanti tambarin ganyen shayi da na sabulu. Ba ta ƙara yin fatalwa ba. Wannan ya ci mini rai, ban kuma ɓoye mata ba, amma ita ko da wasa ba ta taɓa cewa da ta sani ba.

A makon da labarin ya ƙare ne na shiga rumfarmu shan shayi, na tarar an yi da'ira a kan tsohuwar mujallar ana ta nuna hoton da yatsa. Ni ban taɓa yarda na dube shi ba, don haushi. Jabez ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana.

"Kai, Obed, ajiye kofin nan mu ga hannunka."

"Hannuna kuma? Ka fara shan abin tun da safe ne?"

"Ajiye dai, tsohon banza. Na hagun."

Na shimfiɗa shi a kan teburi. Ƙaramin yatsana na hagu a lanƙwashe yake, tun ranar da wata goɗiya ta fizge linzami ina sabon shiga ta karya shi. Jabez ya ajiye mujallar a gefensa. Ga yatsan nan a hannun lauya, da lanƙwasarsa, da kumburin gaɓar, har da tabon da ke gindin babban yatsa. Rumfa ta kaure da ihu, wani ya ce a kira ɗan sanda, an kama mai kisan da duk London ke nema, ashe a nan yake shan shayi da mu.

Na bar keken a layi na tafi gida a ƙafa, mujallar a hannuna. Na same ta tana soya albasa.

"Dorcas, wannan hannun wane ne?"

Ta leƙo ta saman tabarau, ta koma kan tukunyarta.

"Sai yau ka gani? Lalle gwanin bincike."

"Amma ai ranar ko kallona ba ki yi ba."

"Me zan kalla? Lokaci ya ƙure, ba ni da wanda zan sa a gaba in kwaikwaya. Hannu ɗaya na haddace a duniyar nan, shi na zana."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jujjuya hannun, ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa. Ta ce in je in wanke shi, yana warin doki, in zo mu ci abinci.