Loma Ta Tsaya a Ƙirji

Mai abincin bakin tasha tana ta satar kallon baƙon da ke zaune a ƙarshen benci. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk sun yi kanta, irin na wanda ya sha aikin katako. Rigarsa ta yi masa yawa, amma wuyansa a kumbure yake, maɓallin sama ya ƙi haɗuwa. A ranta tana cewa, wannan a da sai ya tashi da faranti biyu.

Yanzu kuwa shinkafa yake ɗiba a bakin cokali. Ya tauna, ya kurɓi ruwa, ya dafe ƙirji yana jira ta wuce. Da ya ga kamar ba mai kallonsa, sai ya zaro leda ya fara juye sauran a ciki.

"Malam, in girkin bai yi maka ba, ai sai ka faɗa!" ta ce da ƙarfi, har mutane suka waiwayo.

Ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Muryarsa a dishe take.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ƙari ne ya fito mini a tsakanin huhu, likita ya ce ya danne hanyar abinci. Ba na so ki ga farantinki ya dawo a cike."

Ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta juya ga tukunya, tana tace masa romo a kofi, ba ta yarda sun haɗa ido ba.