Motar da Ta Kife a Bakin Tur'a

Muna idar da sallar asuba muka bar Wad Madani, mu uku a a-kori-kurar abokina. Ɗan'uwana ne ya gayyace mu ƙauyensu kusa da Abu Na'ama, inda ake tseren motoci in an gama girbin dawa. Kwaltar duk ramuka ce. A Sinja muka karya da ful, wato dafaffen wake, da shayi, mai shayin tana ta mitar tsadar sukari, tana kuma zuba mana cokali uku-uku.

Da hantsi muka isa. Filin tseren gona ce da tarakta ta share, gefenta ɗaya tur'a, wato magudanar ban-ruwa. Babu shinge, 'yan kallo dab da hanya. Motoci biyar ne, duk tsofaffin masu jigilar buhuna.

A zagaye na uku wata fara ta shiga kwana da gudu, tayar gaba ta fashe, ta hau gaɓar tur'a ta kife. Rufin ya lotsa, gilashi ya tarwatse, fetur na tsiyaya. Direban, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana rataye a bel, kai ƙasa. Jama'a suka yi caa za su finciko shi, sai ungozomar ƙauyen, wata dattijuwa, ta tare ƙofar.

"Kowa shi tsaya! In kunka ja shi, wuyan za ku karya mai."

Ta rarrafa ciki ta tallafi kansa. Da yake ni bakanike ne, na cire batir, wasu suka watsa ƙasa a kan fetur. Muka ɓalle ƙofar, muka yanke bel a hankali, muka kwantar da shi kan wani ƙyaure. Sai ya buɗe ido ya ce, "Inna, wa yac ci?"

"Halas, ya isa, rufa mini baki," in ji ta, tana hawaye.

A asibiti aka ce kafaɗa ce kawai ta karye.

Na ɗauka dattawa za su hana tseren. Bayan la'asar suka zauna, suka ce a nisanta fili da tur'a, a ja igiya, a jera tsofaffin tayoyi a kwana, kuma motar da ba a yi wa ƙarafan tokare rufi ba ba za ta shiga ba.

Washegari muka koma Madani lafiya. Na koyi cewa a wurin hatsari, gaggawa ma tana iya kisa. Yanzu bututun ƙarfe biyar-biyar nake yankawa a gareji don tokare rufin motocin tseren, na yi alkawarin kai musu kafin girbi mai zuwa.