Igiya ta Biyu a Wuyan Yayana

Ni na ƙetarar da yayana kogi da hannuna, na miƙa shi ga waɗanda za su sayar da shi. Na tsufa, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma wannan yinin ba zai fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar Haɗeja, gabas da birni, ta wajen Baturiya. Sana'ar gidanmu fito ce. Ba mu da jirgi, da gora muke yi. Babbar gora ce, mutum ya rungume ta ta gefe ɗaya, ni ta ɗaya gefen, in kama wuyan hannunsa ya kama nawa, in yi ta bugun ruwa da ƙafa har mu kai gaci. Dokar aikin ɗaya ce, kada ka saki. In ɗaya ya saki, gora ta kuɓuce, dukanku ku sha ruwa.

Ina ƙarami aka sace yayana a gona. Shi ya koya mini Fatiha kafin a ɗauke shi. Muka yi kuka, muka haƙura. Sai da na yi gemu, na yi mata, wata rana wani ramammen mutum ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama. Inna ta ji muryar ta saki ƙwaryar da ke hannunta. An sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Nufe, har garin da manyan koguna biyu suka haɗu. A can wasu masu bin Isa Almasihu suka fanshe shi, ya zauna da su, ya shiga addininsu. Da ya samu hanya ya tako ya dawo gida, bai kuma ɓoye wa kowa abin da ya zama ba.

Wasu suka daina cin abinci da shi a kwano ɗaya. Liman ya ce a ƙyale shi tunda bai taɓa kowa ba. Inna ta ce daga cikinta ya fito, magana ta ƙare. Yana da tabo kewaye da wuya, inda igiya ta ci shi. Ba ya sa riga mai matse wuya. Ko akuya ake ɗaurewa sai ya kau da kai.

Aikinsa gyaran homa. In muna zaune yana ɗinke ragar sai ya ba ni labaran da ya ji a can. Akwai na wasu samari uku da wani sarki ya ce su durƙusa wa gunki ko a jefa su cikin wuta. Suka ce masa Ubangijinsu yana da ikon fitar da su, in kuma bai fitar da su ba, duk da haka ba za su durƙusa ba.

Na ce, “To Yaya, in ba zai fitar da su ba, ina amfanin?”

Ya yi dariya ya ce, “Kai dai Auta, komai sai ka tambayi kuɗin fito.”

Akwai kuma na wani babban almajirin Almasihu, wanda tsoro ya kama shi ranar da aka kama Ubangidansa, yana jin ɗumi a bakin wuta aka tambaye shi, ya ce bai ma san mutumin ba. Daga baya ya fita ya yi kuka mai zafi. Wannan labarin Yaya ba ya dariya in yana ba da shi.

Bayan kaka ne, ruwa ya fara janyewa daga fadama amma kogi bai ba da ƙafa ba tukuna. Muna su a wani tafki, maza cikin ruwa, mata a gefe suna feɗe kifi. Rana ta take. Abin da na fara gani tsuntsaye ne, suka tashi gaba ɗaya daga cikin ciyawa. Sai ƙarar kofato. Har yau ban san mutanen wane ne ba. A zamanin nan duk wanda yake da doki da mashi yana iya zama mahari. Masu sauri suka faɗa ciyawar ruwa suka ɓace. Mu da muke cikin taɓo har gwiwa aka tattara mu kamar tumaki, aka kai mu gindin goruba, aka sa mana igiyar kaba a wuya, ɗaya haɗe da ɗaya. Ni, Yaya da Inna duk muna ciki.

Lokacin da igiyar ta taɓa wuyan Yaya na ji wani sauti daga bakinsa wanda ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Haƙoransa suna haɗuwa, rana kuwa tana dukanmu. Mu muna tsoron abin da ba mu sani ba. Shi ya san kowane zango na hanyar.

Cikin maharan akwai wani tsohon malami a kan ƙaramin doki. Ya ce wa babbansu, wani dogo mai lifidi, “Ba a sayar da Musulmi ɗa, wanda ba bawa ba. Ka sani, na sani. A gwada su.” Dogon bai so ba, amma bai iya musa masa a gaban yaransa ba. Aka fara. A tambaye ka ko kai Musulmi ne, ka yi kalmar shahada, ka karanta Fatiha, ka nuna yadda ake alwala. Wanda ya iya a kwance shi. Akwai wasu baƙin masunta da suka zo daga gabas, ba su iya ba, aka ware su gefe. Inna ta wuce. Ni ma na wuce. Saura Yaya.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Yaya, ka fi ni iyawa. Faɗa kawai. Baki ne, ba wanda zai leƙa cikinka.”

Bai dube ni ba.

Malamin ya ce, “Kai fa, Musulmi ne?”

Yaya ya ɗaga kai ya ce, “A ciki aka haife ni, Malam. Yanzu ni mai bin Isa Almasihu ne.”

Inna ta ɗora hannu a ka. Malamin ya daɗe yana kallon tabon wuyansa. Na ga ba ya so a tafi da shi. Ya ce, “Ɗana, Annabi Isa ai namu ne mu ma. Ban tambaye ka dogon labari ba. Ka iya kalmar ko ba ka iya ba?”

“Na iya, Malam. Mahaifina ya koya mini. Amma in na faɗe ta don a cire mini igiya, na yi maka ƙarya, na yi wa Allah ƙarya, kalmar taku ma na wulaƙanta ta.”

Dogon ya fashe da dariya. “To ka ji, Malam, da bakinsa. Kai, shi wanda kake bin nan, zai zo ya kwance ka?”

Ƙafafun Yaya suna karkarwa har ana gani. Ya ce, “Yana iyawa. In bai kwance ni ba ma, nasa ne ni.”

Malamin ya juya dokinsa.

Sai maharan sun ƙetare kogi kafin su kama hanyarsu. Dawakai za su yi iyo, amma kamammu sai da gora. Wani ya nuna ni ya ce ga mai fito. Dogon ya sa aka zaunar da Inna a bakin ruwa, ya tsayar da mai mashi a kanta. Ya ce mini, “In gora ta bi ruwa da mutum ɗaya, tsohuwar nan ce za ta biya.”

Na ƙetarar da masuntan ɗaya bayan ɗaya. Yaya ne na ƙarshe. Aka kwance masa hannu don ya iya riƙo, igiyar wuyan tana nan. Muka shiga ruwa, na kama wuyan hannunsa ya kama nawa. Fuskarsa dab da tawa, gora ce kawai a tsakaninmu.

A tsakiyar kogi akwai inda ruwa yake ja da ƙarfi zuwa wani lungu mai ciyawa, doki ba ya shiga. Na san wurin kamar tafin hannuna. Na daina bugun ruwa. Na ce, “Yaya, mu bi ruwan nan. Ba za su same mu ba.”

Ya ce, “Inna fa?”

Na ce, “Me ya sa ba ka faɗa ba? Almajirin nan na bakin wuta ai ya ce bai san Ubangidansa ba. Kai ka ce mini an yafe masa.”

“An yafe masa. Ni ma da na faɗa, na san zai yafe mini.” Hawaye yana bin fuskarsa yana haɗuwa da ruwan kogi. “Amma na san shi, Auta. Lokacin igiyar farko ba ni da kowa, shi ya same ni. Ta yaya zan ce ban san shi ba?”

“Ba ka jin tsoro?”

“Kamar in mutu. Buga ruwa, suna kallonmu.”

Na buga. Da ƙafarmu ta taɓa ƙasa ya saki hannuna, ni na ƙi sakin nasa. Duk rayuwata abin da aka koya mini ke nan, kada ka saki. Wani mahari ya taho da bulala. Yaya ya ce, “Mun kai gaci, Auta. Nan ana saki.” Da kansa ya ɓamɓare yatsuna ɗaya ɗaya. Ya ce in gaya wa Inna ba shi kaɗai zai tafi ba, samarin nan uku ma, bayan an jefa su, da aka leƙa cikin wutar an ga na huɗu tare da su. Aka ja igiyar, ya bi.

Na koma da gora ni kaɗai. Inna ta dai kalli hannuwana. Ba ta kai damina biyu ba bayan haka ta rasu. Na tambayi fataken kanwa, na tambayi masu kai busasshen kifi Kano da Barno. Ba wanda ya ga mai tabo biyu a wuya.

Na daɗe ina fushi da shi. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, da ya tsufa a cikinmu. Sai da na ga mutane da yawa suna rantsuwa da safe suna warwarewa da yamma na gane abin da na gani a gindin gorubar nan. Da ina tsammani mai riƙon addini shi ne wanda ba ya tsoro. Ashe shi ne wanda gwiwarsa take rawa, ƙofa a buɗe a gabansa, ya ƙi fita ta hanyar ƙarya. Ni ina sallata yadda mahaifinmu ya bar mu. Amma tun daga ranar ban ƙara buɗe baki na faɗa wa Allah abin da babu shi a cikina ba. Wannan a wurin Yaya na koya.

Yanzu ƙafafuna ba sa iya bugun ruwa, 'ya'yana ke fito. Ina nan a mashigin nan dai, a gindin goruba, ina gyaran homa. Duk wanda ya ɓullo daga wancan gaci, wuyansa nake fara duba.